Ayon na Kabon, Naitirojin da Oksijin: Tarihin Saninsu daga Kanwa zuwa Yuriya

Ayon, a kimiyyar sinadarai, ƙwayar atom ce ko gungun ƙwayoyin atom da ke ɗauke da cajin lantarki, ko dai don ta yi rarar ilektiron ko don ta yi giɓinsa. Cikin ɗimbin ayon da aka sani akwai wani ɗan ƙaramin dangi da kabon da naitirojin da oksijin ke haɗuwa su haifar: kabonet, naitiret, naitirait, sayanaid, sayanet da fulminet, sai amoniyam, wanda naitirojin ke yi da haidirojin. Sunayen baƙi ne a kunne, amma kayan 'yan gida ne a Zariya. Kabonet na cikin kanwar da ake kasawa a kasuwar Sabon Gari. Naitiret na cikin albarushin 'yan bindiga ranar hawan Sallah. Sayanaid na maƙe a ɓawon rogo, sayanet kuwa shi ne kakan buhun yuriyar da manomin Dogarawa ke ɗaurewa a bayan babur idan masara ta kai gwiwa. Abin da tarihin binciken wannan dangi ya fito da shi fili shi ne, sanin kayan haɗin abu bai isa a san halinsa ba. Sai an san wanda ke zaune a tsakiya da wanda ke gefe.

Kanwa da sunan da ya ɓata hanya

Ayon na farko cikin dangin da hannun ɗan Adam ya saba da shi shi ne kabonet. Kanwa gishiri ce ta sodiyam da kabonet da baikabonet, tana taruwa a tafkunan da ke ƙafewa a ƙasar Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Cadi. Ayarin fatake sun daɗe suna sauke ta a kasuwannin Kano da Katsina da Zazzau, kuma Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan fatauci a littafinsa Salt of the Desert Sun na 1986. Tokar murhu ita ma kabonet ce, amma ta fotasiyam, ita ce kuma masu rini da masu sabulun salo ke tacewa.

Mai ɗanwake ba ta buƙatar a yi mata bayanin wannan ayon. Takan jiƙa ɗan gutsuren kanwa a kofi, ta bari tsakuwa da ƙasa su kwanta, ta tsiyaye ruwan sama a kan garin da kuka. Idan miyar yakuwa ta cika tsami, ɗigo kaɗan na ruwan kanwa zai kashe shi, kuma a daidai lokacin miyar kan ɗan taso da kumfa. Kumfar nan iskar kabon dayoksaid ce: tsamin ya miƙa wa kabonet haidirojin, kabonet ya rabu gida biyu, ruwa da iska. Wannan iskar ce Joseph Black ya kama a Sikotilan a shekarun 1750, lokacin da ya ƙona alli ya auna nauyin da ya ragu, ya nuna cewa dutse ma na iya riƙe iska a cikinsa.

Ba kabonet kaɗai kanwa ke ɗauke da shi ba, tana da sodiyam mai yawa. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, amma aikin nasu ya sa sunan Zariya da kalmar kanwa sun shiga littattafan likitancin zuciya na duniya.

Akwai wani ruɗani na suna da ya kamata a ambata. Tsoffin Misirawa na haƙo irin wannan gishiri a kwarin da yau ake kira Wadin Naɗrun, Girkawa suka kira shi nitron, Larabawa naɗrun. A Turai sai sunan ya zame ya koma kan wani gishiri dabam, wanda ake kankarowa daga tsoffin bangaye da turken dabbobi don yin albarushi, wato fotasiyam naitiret. Da Daniel Rutherford ya ware iskar da ba ta raya wuta a 1772, aka kuma gane tana cikin gishirin albarushi, Jean-Antoine Chaptal ya raɗa mata suna a 1790 da ma'anar mai haifar da nitron. Ke nan sunan naitirojin asalinsa sunan kanwa ne, alhali kanwa ba ta da naitirojin ko ƙwaya ɗaya.

Gardamar samari biyu

Sayanaid ya shigo ne ta ƙofar rini. Wajen 1706 wani mai haɗa launi a Berlin, Diesbach, ya samu wani shuɗi mai kauri bisa kuskure. Carl Wilhelm Scheele ya fitar da asid mai guba daga wannan shuɗi a 1782, Joseph Louis Gay-Lussac kuma ya nuna a 1815 cewa kabon ɗaya da naitirojin ɗaya ne ke tafiya tare a cikinsa kamar abu guda. Daga kalmar Girkanci ta shuɗi aka ciro sunan sayanaid.

A 1800 Edward Howard ya bayyana wa masana a Landan wani gari da ya samu daga zaiba, wanda ɗan bugu kaɗan ke sa shi tashi da ƙara. Shi ne fulminet na zaiba. Ba a jima ba maƙeran bindiga suka ga amfaninsa: wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar kunamar bindiga mai tashi da bugu a 1807, daga nan bindigar ƙyastu ta fara ja da baya. Alfred Nobel ma da wannan gari ya yi abin tayar da nakiyarsa a shekarun 1860.

Justus Liebig tun yana yaro a Darmstadt yake wasa da fulminet. A Paris, a ɗakin gwajin Gay-Lussac, ya auna fulminet na azurfa a 1824, ya fitar da adadin azurfa da kabon da naitirojin da oksijin da ke ciki. A shekarar kuma wani matashin Bajamushe, Friedrich Wöhler, wanda ya yi karatu wajen Jöns Jacob Berzelius a Stockholm, ya auna sayanet na azurfa. Lissafin biyu ya fito iri ɗaya: azurfa ɗaya, kabon ɗaya, naitirojin ɗaya, oksijin ɗaya. Amma garin Liebig ko gashin tsuntsu ya shafe shi yana iya fashewa, na Wöhler kuwa lafiyayyen gari ne da ba ruwansa da kowa. A ilimin wancan zamani hakan ba zai yiwu ba, domin an ɗauka kayan haɗi ɗaya dole su ba da abu ɗaya. Liebig, mai saurin fushi, ya ce Wöhler ne ya yi kuskuren awo. Wöhler ya ba shi samfurin garinsa ya auna da kansa. Liebig ya auna, ya ga abokin gardamarsa ne da gaskiya, ya fito ya faɗa a bainar jama'a. Daga nan suka ƙulla abotar da ta kai har mutuwar Liebig a 1873.

Wöhler bai tsaya nan ba. A 1828, yana koyarwa a Berlin, ya yi niyyar haɗa amoniyam sayanet. Da ya ƙafar da ruwan, sai ga fararen ƙwayoyi masu tsawo waɗanda ba su nuna halin amoniyam ba, ba su nuna na sayanet ba. Yuriya ce, sinadarin da Hilaire-Marin Rouelle ya ware daga fitsari a 1773, wanda kowa ya ɗauka sai ƙoda ce ke iya yin sa. Atom takwas ɗin nan dai su ne, wurin zama kawai suka sauya. Littattafan sakandare kan ce wannan gwaji ne ya rushe imanin cewa sinadaran jikin mai rai na buƙatar wani ƙarfi na musamman. An ɗan yi wa labarin gishiri. Imanin ya ci gaba da jan ƙafa shekaru da dama, har bayan Hermann Kolbe ya haɗa asid ɗin ruwan tsami daga kayan da ba su taɓa rai ba a 1845. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Wöhler da malaminsa shi ne maimaituwar abin da ya faru da fulminet. A 1830 Berzelius ya ba wa irin waɗannan tagwaye suna, aisoma, daga Girkanci, ma'ana masu rabo ɗaya.

Igiya da wanda ya zauna a tsakiya

Suna ya samu, dalili bai samu ba, kuma sai da aka yi kusan shekara ɗari ana nemansa. Michael Faraday ya kawo kalmar ayon a 1834, ma'anarta mai tafiya, domin ya ga wasu abubuwa na tafiya cikin ruwa zuwa sandar lantarki. Edward Frankland a 1852 da August Kekulé a 1858 suka nuna kowace atom tana da adadin hannuwan da take kamawa da su: kabon huɗu, naitirojin uku, oksijin biyu. Svante Arrhenius ya ce a kundin digirinsa na 1884 gishiri na rabuwa zuwa ayon da zarar ya narke, ko babu lantarki. Malamansa na Uppsala suka ba shi sakamako mai rauni, a 1903 kuma aka ba shi kyautar Nobel kan wannan magana. J. J. Thomson ya gano ilektiron a 1897. Sai a 1916 Gilbert Lewis, a Kalifoniya, ya faɗi abin da hannun yake: ilektiron biyu ne da atom biyu ke tarayya a kansu. Kowane irin wannan biyu igiya ɗaya ce. Atom biyu na iya ɗaure juna da igiya ɗaya, ko biyu, ko uku, kamar dai igiyar aure, sai dai a nan ta ukun ba ta tsinkewa da furuci.

Naitirojin na iska, wanda ya kai kashi 78 cikin 100 na abin da muke shaƙa, atom biyu ne ɗaure da igiya uku, kuma sai an kashe kilojul 945 kafin a raba mol guda, wato ma'aunin da masana ke ƙirga yawan ƙwayoyi da shi. Shi ya sa masara ke tsaye cikin tekun naitirojin tana yunwarsa. Sayanaid ma igiya uku ce tsakanin kabon da naitirojin. Irving Langmuir ya lura a 1919 cewa abubuwa masu adadin atom da ilektiron iri ɗaya kan ɗauki siffa ɗaya. Sayanet da fulminet da kabon dayoksaid duk suna da ilektiron 16 na waje, duk miƙaƙƙu ne kamar sanda. Kabonet da naitiret suna da 24, dukansu shimfiɗaɗɗu ne, atom ɗaya a tsakiya, oksijin uku kewaye da ita kamar duwatsun murhu, kusurwa 120 tsakanin kowane biyu.

A nan aka warware gardamar 1824. A sayanet jerin shi ne O, C, N: kabon a tsakiya da hannuwansa huɗu cif, rarar cajin kuma ta sauka kan oksijin ko naitirojin, waɗanda dama su ne masu kwaɗayin ilektiron. A ma'aunin Linus Pauling na wannan kwaɗayi, oksijin na da kusan 3.5, naitirojin 3.0, kabon 2.5. A fulminet jerin ya zama C, N, O: an tura naitirojin tsakiya an tilasta masa igiya huɗu, ya koma mai giɓin caji, kabon da ya fi kowa rashin kwaɗayi aka ɗora masa rara, ga kuma igiyar naitirojin da oksijin mai rauni. Kowa na zaune inda bai dace da shi ba. Bugu kaɗan ya isa su watse su koma iskar naitirojin da iskokin kabon, inda kowa ke samun sakewa, zafin da ya fita kuma shi ne ƙarar. Sai a 2007 masana a Munich, cikinsu har da Wolfgang Beck da Thomas Klapötke, suka fitar da cikakken hoton tsarin garin Howard, suka tabbatar zaiba ta kama kabon ne ta gefe biyu.

Kabonet da naitiret sun zo da tasu matsalar. Zanen Lewis ya ba oksijin ɗaya igiya biyu, sauran biyun igiya ɗaiɗai, don haka ya kamata ɗaya ta fi kusa da tsakiya. Amma tun 1914, da Lawrence Bragg ya haska dutsen kalsait da hasken eksire, aka ga ukun a zaune daidai wa daida. Igiya ɗaya tsakanin kabon da oksijin kan kai fikomita 143, igiya biyu wajen 122, ta kabonet kuwa kusan 129 ce a duka ɓangarori ukun (fikomita ɗaya bisa tiriliyan ce ta mita). Pauling a Amurka da Christopher Ingold a Ingila suka bayyana a shekarun 1930 cewa igiyar ta huɗu ba ta kowa ba ce, an raba ta uku, kowace oksijin na riƙe da igiya ɗaya da sulusi. Ɗalibai kan ɗauka igiyar na tsalle ne daga wannan zuwa wancan. Ba ta tsalle, a shimfiɗe take a kan ukun lokaci guda, wannan shimfiɗuwa ce kuma ke ba ayon ɗin natsuwa. Pauling ya tattara bayanin a littafinsa The Nature of the Chemical Bond na 1939.

Rogo da dawa

Rogo na ajiye sayanaid ɗinsa a ɗaure da sukari, cikin wani sinadari mai suna linamarin. Idan aka goge ko aka tauna, wani inzayim, wato sinadarin jikin mai rai da ke hanzarta sauyi, ya kwance ɗaurin, asid ɗin Scheele ya fito. Ɓarewa da jiƙawa da matsewa da suyar garin kwaki duk hanyoyin korar sa ne. Dawa ma tana da nata, durin, wanda Wyndham Dunstan da Thomas Henry suka ware a Landan a 1902, suka ciro sunansa daga kalmar Larabci ta dawa. Ya fi yawa a ƙaramin tsiro da wanda fari ya taɓa, dalilin da ya sa makiyayi ke kore shanunsa daga irin wannan gona. Sayanaid na kama ƙarfen da ke cikin inzayim ɗin numfashin ƙwayoyin jiki ne ta kan kabon ɗinsa. Hanta na iya sauya kaɗan zuwa tayosayanet, ɗan'uwan sayanet da farar wuta ta maye gurbin oksijin, ya fita ta fitsari. B. O. Osuntokun na Ibadan ya nuna a ƙarshen shekarun 1960 alaƙar yawan cin rogon da bai jiƙu sosai ba da wani ciwon jijiya a kudu maso yammacin Najeriya.

Samaru

Fritz Haber ya tsinka igiyoyi ukun naitirojin na iska a ɗakin gwaji a 1909, ya haɗa shi da haidirojin ya samu amoniya, Carl Bosch ya mai da abin masana'anta a Oppau a 1913. A 1922 Bosch da Wilhelm Meiser suka fito da hanyar haɗa yuriya daga amoniya da kabon dayoksaid. A shekarar ce aka buɗe tashar binciken noma a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Ƙasar tudu ta wannan yanki ba ta da naitirojin sosai, ruwan shekara kuwa, wajen milimita 1,000, kusan duka yana sauka ne cikin wata biyar. A 1950 aka ware filaye 81 a Samaru don gwajin dogon zango da ake kira DNPK, inda ake gwada takin shanu da naitirojin da fosfaras da fotasiyam, kowanne a mataki uku. Shekaru suka nuna filayen da aka yi ta zuba wa amoniyam salfet babu takin gargajiya sun yi tsami, amfaninsu ya ja baya, waɗanda suka samu kashin shanu kuma suka riƙe ƙarfinsu. Dalilin na cikin ayon. Tun 1877 Schloesing da Müntz suka nuna a Faransa cewa masu rai ne ke mai da amoniyam naitiret, Sergei Winogradsky ya ware ƙwayoyin bakteriyar a 1890. Duk amoniyam ɗaya da suka sauya, ayon biyu na haidirojin ke zuba a ƙasa, tsamin ke nan. Maganinsa farar ƙasa, wato kabonet, aikin da kanwa ke yi a miyar yakuwa.

Caji ne ke yanke wa kowane ayon makomarsa a gona. Ƙwayoyin yumɓu na da cajin rara, amoniyam na da na giɓi, sai su manne. Naitiret kuwa cajinsa irin na yumɓun ne, babu mai riƙe shi, ruwa na sauka zai bi shi ƙasa. Alan Wild ya auna wannan gangarowa a Samaru, ya buga sakamakon a 1972, sannan shi da M. J. Jones suka fitar da Soils of the West African Savanna a 1975. Ruwan farko bayan rani kan tayar da ƙwayoyin ƙasa su saki naitiret da yawa lokaci guda, abin da H. F. Birch ya bayyana a Gabashin Afirka a 1958. Mai shukar farko shi ke cin wannan garaɓasa, wanda ya makara kuwa ruwa ya riga shi.

Yuriya ta ture amoniyam salfet a kasuwa saboda lissafi: tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, wancan 21. Buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23. An fara yin ta a Najeriya a masana'antar NAFCON da ke Onne a ƙarshen shekarun 1980, Indorama ta biyo a Eleme a 2016, aka kuma buɗe ta Dangote a Lekki a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Tireloli ke hauro da ita ta Kaduna zuwa shagunan Sabon Gari, inda take jere da kamfa da sufa.

Yuriya ba ayon ba ce, ba ta da caji, amma ba ta daɗewa a haka. James Walker da F. J. Hambly sun nuna a 1895 cewa idan ta narke a ruwa takan koma amoniyam sayanet sannu a hankali, wato gwajin Wöhler da baya-baya. A gona ba ta samun wannan sukuni, domin ƙasa cike take da inzayim yuriyes, wanda James Sumner ya fara tacewa daga wani irin wake a 1926. Cikin 'yan kwanaki yake mai da ita amoniyam da kabonet. Idan a saman ƙasa aka watsa ta, kabonet ɗin ya ƙwace haidirojin daga amoniyam, amoniya ta tashi sama. Wanda ya sunkuya a kunya da hantsi zai ji zarni kamar na bayan katanga, kuɗinsa ne ke tafiya.

Don haka malaman gona na Samaru ke cewa a raba takin kashi biyu, a kuma binne shi. A gonakin bayan Dogarawa, gefen titin Kano, za a ga aikin bayan noman farko, da sassafe ƙasa na da danshi: mutum ɗaya a gaba da tsinin sanda yana huda rami tazarar ɗan yatsa daga gindin masara, yaro a baya da roba a hannu yana zuba cikin murfin kwalba ɗaya, yana take ramin da diddige. Ƙwayoyin kan jiƙe su yi sanyi a tafin hannu, kuma idan suka faɗa cikin kunnen masara sai su ƙona ganyen. Inda ruwan Agusta ya riga saiwa kai wa naitiret, alamar kan fara ne daga ganyen ƙasa: rawaya ta taso daga tsini, ta bi jijiyar tsakiya tana tsukewa, gefen ganyen biyu na nan kore.